Tun Da Na Fara Aiki Kyanwata Ta Tare A Ƙarƙashin Gado

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a nan Kaduna, 'ya'yana biyu. Ina da kyanwa da yara suka raɗa wa suna Gimbiya, shekararta huɗu a hannuna, tun tana 'yar mitsitsiya na tsince ta a bakin kwata da damina. A da duk inda na sa ƙafa tana biye da ni, in na idar da sallar asuba kuwa tana kan cinyata. Mako uku ke nan da na samu aikin koyarwa, ina fita ƙarfe shida da rabi, sai bayan la'asar nake dawowa. Saboda yara, maigida ya ɗauko mahaifiyarsa daga ƙauye tare da wata jikarta. Muka gyara wa Hajiya ɗakin da Gimbiya ke kwana, robar yashin da take biyan buƙata a ciki kuma muka mayar can baya kusa da janareta. Tun daga ranar ta shige ƙarƙashin gadona. Ba ta fitowa sai dare ya raba, abinci ma sai ta ɗan taɓa ta bari. Sau biyu tana yin fitsari a kan zannuwan Hajiya. Shekaranjiya ɗana mai shekara bakwai ya jawo ta da ƙarfi, ta yakushe shi a hannu. Hajiya ta ce kyanwar ta tsane ta, ko kuma wani abu take gani a gidan. Maigida ya ce in ta ƙara, zai sa ta a buhu a kai kasuwa a saki. Maƙwabciyata kuma ta ce in jiƙa mata Panadol. Ni dai laifin kaina nake gani, har na fara tunanin ajiye aikin. Yaya zan yi?

Daga wata 'yar'uwa a Kaduna

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya sanya albarka a sabon aiki, ya kuma saka miki da alheri kan wannan baiwar Allah da kika tsamo daga kwata.

Kafin mu je ko'ina, don Allah ki mayar da Panadol ɗin nan inda kika ɗauko shi. Maƙwabciyarki taimako take nufi, na sani, amma farasitamol guba ne ga kyanwa, ƙwaya ɗaya ta isa ta kashe ta. Hantarta ba ta iya sarrafa shi kamar tamu, sai ya lalata mata jini, dasashinta ya rine, fuska ta kumbura, numfashi ya gagara. Sauran magungunan ciwon jiki da muke saye a kemis ma kada ki kusantar mata da su. Duk abin da ba likitan dabbobi ne ya rubuta ba, kada ya shiga bakinta.

Sai hannun yaron. Ƙa'idar yakushi ko cizon dabba ita ce a wanke wurin nan take da sabulu da ruwa mai gudu har tsawon minti 15. Kwana biyu sun wuce, amma ba a makara da kai shi asibiti ba, musamman idan ba a taɓa yi wa Gimbiya rigakafin ciwon haukan kare ba kuma tana haura katanga ta yi yawo. Sunan ciwon na kare ne, amma kyanwa ma tana ɗauka. Ki gaya musu yadda abin ya faru, su ne za su ce ko akwai allurar da ta kamata. Idan wurin ya yi ja ya kumbura, ko kaluluwa ta fito masa a hammata, ko zazzaɓi ya biyo baya, ki koma da shi.

To, Gimbiya. Abin da kika zayyana firgici da takura nake zargi, kuma da wuya ya wuce haka. Sai dai ba a auna zafin jiki ta wasiƙa, kyanwa kuma gwanar ɓoye ciwo ce. Wadda haƙorinta ke ciwo ɓuya take yi, wadda ta ji rauni ɓuya take yi, wadda ta tsorata ma ɓuya take yi, daga waje duk kamarsu ɗaya. Abu biyu a wasiƙarki suka sa nake so likitan dabbobi ya gan ta a cikin makon nan, ko da ranar Asabar ce: raguwar ci, da fitsari a inda ba ta saba ba. Damuwa kanta tana iya jawo wa kyanwa kumburin mafitsara, ta riƙa jin raɗaɗi in za ta yi fitsari, sai ta ɗora laifin a kan robar yashi ta koma neman wuri mai laushi. Daga daren yau ki fara auna abincin da kika ajiye mata da cokali, da safe ki duba nawa ya ragu, ki kuma leƙa yashin ki ga ko ya jiƙe. In ta yi yini da kwana cur ba ta sa komai a baki ba, kada ki jira Asabar. Kyanwar da ta yi kwana biyu zuwa uku ba ci, musamman mai ƙiba, kitse na iya taruwa a hantarta, wannan kuwa ciwo ne mai kisa. Haka nan in kin ga jini a fitsarin, ko tana ta tsuguno tana yunƙuri ɗigo kaɗan ke fita, ko amai ya ƙi tsayawa, ko tana numfashi da baki a buɗe. Masu karatu da ke da muzuru su riƙe wannan da kyau: shi hanyar fitsarinsa siririya ce, tana toshewa gaba ɗaya, in aka yi sake kwana biyu ko uku sai labari.

Ba ki faɗa mini ko an yi mata aikin hana haihuwa ba. In ba a yi ba kuma tana fita, ki dubi cikinta da kan nononta. Cikin kyanwa kwana 63 zuwa 65 ne, in ya tsufa takan nemi lungu mai duhu ta tare. Ba ke ce ta farko da za ta kwana da zullumi ta wayi gari da 'ya'ya huɗu a ƙarƙashin gado ba.

Akwai likitocin dabbobi a cikin garin Kaduna, na gwamnati da masu zaman kansu, in abin ya fi ƙarfinsu kuma ga asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. Ranar tafiya kada ki rungume ta a hannu ki hau Keke Napep, ƙahon mota ɗaya za ta kuɓuce miki a tsakiyar titi. Ki samu kwando mai murfi ko kwali mai ƙarfi da aka huda, ki shimfiɗa tsohon zanenki a ciki, ki yafa wani a sama. Duhun kwantar mata da hankali yake yi.

Yanzu ki ɗan sauko ƙasa mu kalli gidan nan da idon Gimbiya, don ruwa ba ya tsami banza. Mu da ido muke sanin gida, ita da hanci da kunne da lokaci. Wannan goga kumatun da take yi a ƙafar kujera, da bakin ƙofa, da ƙafarki, ba shagwaɓa kaɗai ba ce. Wani sinadari ne fuskarta ke fitarwa wanda hancinmu ba ya ji, take shafa wa duk abin da ta amince da shi, in ta sake bi ta wurin ta shaƙa sai ta san nan gida ne. Shekara huɗu tana wannan aikin. Rana ɗaya aka share ɗakinta, aka wanke da omo, aka turara, aka shigo da kayan mutum biyu da ba ta taɓa jin ƙanshinsu ba. A makon dai wadda take bi ko'ina ta ɓace tun da sassafe. Lokacin cin abinci ya goce. Makewayinta kuma aka kai shi gindin janareta. A ma'aunin kaifin sauti da ake kira hertz, kunnen ɗan Adam yana tsayawa ne a wajen 20,000, nata yana kaiwa kusan 64,000, da shi take jin motsin ɓera a cikin silin alhali mu ba mu ji komai ba. Ki ƙiyasta yadda ƙarar injin nan take a irin wannan kunne, a kuma ce nan za ta tsuguna ta saki jiki. Ko ni ce ba zan je ba.

Me ya sa ɓuya, ba kuka ko bin mutane ba? Asalin kyanwar gida kyanwar dajin Afirka ce, dabba mai zaman kaɗaici. Tana farauta, amma ƙarama ce, ita ma ana farautarta. Kare na da garke, in ya tsorata sai ya ruga wurin 'yan'uwansa. Ita ba ta da kowa sai rami. Saboda haka ƙarƙashin gadon nan ba shi ne cutar ba, shi ne maganin da ta samo wa kanta. An gwada wannan a zahiri: a 2014 masu bincike na Jami'ar Yutirek da ke ƙasar Holan sun bibiyi kyanwoyi 19 da aka kawo gidan ajiye dabbobi, aka ba 10 kwalin ɓuya, 9 ba a ba su ba. Masu kwali a kwana na uku hankalinsu ya kwanta, sauran sai da suka kai wajen mako biyu kafin su kamo su. Wato wadda aka bari ta ɓuya ita ta riga sakin jiki. Kafin nan, a 2011, wasu a Jami'ar Jihar Ohayo ta Amurka sun wallafa abin da suka gani a kyanwoyi 32, daga ciki 12 lafiyarsu ƙalau. Duk makon da aka sauya lokacin ba su abinci ko aka canza mai kula da su, amai da ƙin ci da yin ba-haya a wajen roba sai su ninka kusan sau uku, har a jikin masu lafiyar. Ba duka ba zagi, sauyin tsari kawai. Kin ga Gimbiya ba iskanci take yi ba, ba kuma ita kaɗai ba ce. Ni kaina tawa, duk Sallah in baƙi suka cika gida, bayan buhun shinkafa a sito take tarewa, sai an kwana biyu da watsewa take fitowa tana miƙa kamar ba ita ba.

Abu na farko ke nan: a ƙyale ta. Ba jawowa, ba zura tsintsiya, ba ɗaga katifa a haska ta da tocila don a ga ko tana nan. Duk ranar da aka zaƙulo ta da ƙarfi, an koya mata cewa ko nan ɗin ma babu tsaro, sai ta nemi inda ya fi zurfi, cikin silin ko bayan firiji, ko ta haura katanga ta tafi ke nan. Tunda ɗakinki ta zaɓa, ki bar mata shi na ɗan lokaci. Abinci da ruwa su dawo nan, kusa da inda take. Robar yashi ma ta baro gindin janareta a yau ɗin nan. In maigida ba zai lamunci ganinta a uwar ɗaka ba, kuma yana da hujja, to banɗakin ɗakin ko wani lungu a baranda mai shiru ya wadatar, in dai hanyar a buɗe take dare da rana, kuma nesa da kwanon abinci. Roba biyu sun fi ɗaya. Yashi mai laushi, a kwashe abin da ta yi kullum, a sauya duka mako-mako, a wanke robar da ruwa da sabulu kawai. Dettol da Izal ki bar su, suna cutar da kyanwa, don duk abin da ta taka sai ta lashe shi daga ƙafarta.

Ki samo kwali irin na taliya, ki kwantar da shi a gefensa a wani saƙo na ɗakin, ki sa zanen da kika kwana da shi ba a wanke ba. In da hali wani ma a saman sif, don kyanwa na samun natsuwa in tana kallon ɗaki daga sama. Manufar ita ce ta samu maɓoya fiye da ɗaya, wadda ta fi ƙarƙashin gado kusa da mutane. Sannan ga wani abu da ya fi damuna da ɗakin kwana a garin nan: maganin sauro. Mun saba da magariba a fesa fiya-fiya ko na gwangwani, a tsananta a ƙarƙashin gado, a ja ƙofa a rufe. Yanzu akwai mai rai a wurin. Ki ja kunnen duk mai yin feshin, a koma gidan sauro har sai ta fito. Turaren wuta ma a rage a ɗakin, hayaƙin na damun ƙirjinta, ga shi yana binne ƙanshin da take ƙoƙarin sake shimfiɗawa.

Na biyu, ki mayar mata da agogonta. Ba yininki take buƙata ba, kyanwa na barcin awa 12 zuwa 16 a rana, galibin lokacin da kike makaranta dama barci take yi. Abin da ta rasa shi ne sanin abin da zai biyo bayan wani. Kuma kin yi sa'a, lokutan kuzarinta su ne asuba da magariba, duka biyun kina gida. Ki tsayar da lokaci biyu da ba sa motsi, ko Asabar ko Lahadi: bayan sallar asuba, da bayan isha'i. Ki ajiye abinci, ki zauna a ƙasa ɗan nesa da gadon minti goma, ki yi azkar ɗinki da murya ƙasa-ƙasa ko ki duba littattafan ɗalibanki. Kada ki miƙa hannu, kada ki ƙura mata ido, a wurinsu ƙura ido neman faɗa ne. In idonku ya haɗu, ki lumshe naki a hankali ki kau da kai. Ba camfi ba ne, a 2020 masu bincike a Jami'ar Sasiks ta Ingila sun nuna kyanwa ta fi kusantar mutumin da ya yi mata wannan lumshe idon, ko da baƙo ne. Don jawo sha'awar ci, ki dafa 'yar tsokar kaza ko kifi a ruwa zalla, ki cire ƙaya, ki ba ta da ɗan ɗumi yadda ƙanshi zai tashi. Ban da gishiri da magi, ban da albasa da tafarnuwa, waɗannan biyun suna lalata mata jini, shi ya sa ragowar miya ba abincinta ba ce. In ta fara leƙowa, ki ɗaura gashin kaza a bakin kara ki riƙa ja a ƙasa. Ranar da ta kai masa cafka, an ci rabin yaƙin.

Kyanwar ma mai sauƙi ce. Mutanen gidan su ne aikin.

Ki fara da Hajiya, ki kuma fara da ba ta gaskiyarta. Dattijuwa ta baro ɗakinta, da maƙwabtanta, ƙila da 'yan awakinta, ta zo birni don ta riƙe miki 'ya'ya ki samu ki yi aiki. Sai ta tashi ta tarar da fitsari a zanen da take sallah da shi, har sau biyu. Wa zai ji daɗi? In kin lura ma, ita da Gimbiya ciwo ɗaya ke damunsu, kowacce an raba ta da inda ta saba. Kada ki je mata da bayanin masu bincike, kada kuma ki yi dariyar maganar ganin wani abu. Ki durƙusa ki ba ta haƙuri, ki wanke zannuwan da hannunki, in aljihu ya yarda ki haɗa da sabon turmi. Bayan ta huce sai ki ce, "Hajiya, ɗakin nan a nan take kwana tun tana ƙarama, makewayinta ma a nan yake. Ba ke ta nufa ba, wurin ta nufa." Wannan magana ce da duk wanda ya taɓa kiwo zai gane, ko kaza aka sauya wa akurki sai ta yi kwanaki tana komawa tsohon. Kyanwa ba ta san ramuwa ba. Wuri mai laushi ta samu a ɗakin da ta sani, ga baƙon ƙanshi a kai, sai ta haɗa da nata don hankalinta ya kwanta. Zuba wa bango ido da take yi kuwa, sau da yawa ɓera ne ko ƙadangare take saurare.

Maganin maimaituwa mai sauƙi ne: ƙofar Hajiya ta zauna a rufe, kaya su hau sama. Inda fitsarin ya taɓa a wanke da omo sosai, a ɗauraye, a shanya a rana, don in wari ya rage ko kaɗan za ta koma. Kada a tsiyaya bilic kai tsaye a kan fitsari, haɗuwarsu na tayar da iska mai shaƙe mutum. Daga baya, in kin ga fuska, ki roƙi Hajiya alfarma ɗaya: da azahar ta ajiye ɗan kifi a bakin ƙofar ɗakinki ta juya abinta, ba kira ba kallo. Ki kuma ari tsohon ɗankwalinta ki ajiye kusa da kwanon abincin, Gimbiya ta riƙa shaƙar ƙanshinta tana ci. Abin dariyar shi ne kyanwa ta fi saurin sabawa da wanda bai damu da ita ba, saboda ba ya kallonta, ba ya kai mata hannu. Kada ki yi mamaki in wata rana kin dawo kin tarar da ita a gefen tabarmar Hajiya. Batun tsarki kuma ba sai kin koya mata ba, ta riga ki sanin hadisin da ya ce kyanwa ba najasa ba ce, tana cikin masu kai-komo a tsakaninmu. Jikinta da abin da ta sha ta rage ke nan. Fitsari dai a wanke.

Jikar nan ma ki ja ta a jiki ki tambaye ta cikin raha yadda ake yini. A ƙauye kyanwa ta sito ce da rumbu, in ta doso ɗaki "cas" ake ce mata, a bi ta da tsintsiya. In haka yarinyar ke yi ba mugunta ba ce, abin da ta tashi ta gani ke nan. Ki nuna mata yadda ake yi a nan gidan, ba tare da kin kunyata ta a gaban kakarta ba.

Maigida kuma, ban jin buhun nan har zuciyarsa yake. Mutum ne da aka ɓata wa uwa rai a gidansa, aka kuma yakushi ɗansa, dole ya faɗi abin da zai nuna wa mahaifiyarsa yana tare da ita. In kika yi masa gardama a gabanta, kin tilasta masa cika maganar. Ki bari sai kun keɓe. Kada ki ɗauko hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwa ki buga masa a ka, ya san shi, kuma wa'azi a bakin mata lokacin fushi ba ya shiga. Ki zo masa da tsari: ga abin da zan yi, ga ranar da zan kai ta likita, ƙofar Hajiya a rufe, ina roƙon wata ɗaya. Sannan ki faɗa masa gaskiyar abin da sakin kasuwa yake nufi. Dabbar da tun tana jaririya a kwano take ci ba ta san hanyar neman na kanta ba, ga karnuka, ga motoci, ga yara da duwatsu, ga muzuran da suka riga ta mallakar wurin. Saki ne a baki, amma a zahiri kisa ne a hankali. Maza da yawa da ke faɗin a kai ta kasuwa ba su taɓa tsayawa sun hango wannan ba.

Yaronki kada a yi masa faɗa fiye da kima. Kewar abokiyar wasansa ce ta sa ya jawo ta, kuma ina kyautata zaton akwai kewar uwa a ciki, shi ma mako uku ke nan da nasa tsarin ya rushe. Ki ba shi muƙami. Shi ne mai sauya mata ruwa kullum, shi ne kuma mai gadin doka ɗaya tak: in Gimbiya na ƙarƙashin gado ko cikin kwali, babu mai taɓa ta. Ki koya masa karanta ta. In ta kwantar da kunnuwa baya, tana kaɗa wutsiya da ƙarfi, tana huci, cewa take a ja da baya. Ba kowace ce kyanwar Lami ba, kuma ko mai haƙurin in aka ƙure ta a lungu farce za ta fitar.

Ke kuma, 'yar'uwa, kada ki ajiye aikinki. Ko kin zauna a gida gobe, Hajiya na nan, ɗakin ya riga ya sauya, ba abin da zai koma yadda yake, sai dai ki ƙara wa kanki takaici. Laifin da kike gani bai kai yadda kike auna shi ba. Kuskure ɗaya ne na gaske, mayar da robar gindin janareta, shi ma gyaransa bai fi minti biyar ba. Ina kuma zargin ba Gimbiya kaɗai ke cin ranki ba. Sabon aiki, tashin asuba, zama da suruka, barin yara, duk sun taru, kyanwar ce kawai abin da ya fi sauƙin yi wa kuka. Minti goman nan na zaman ƙasa bayan isha'i, ke ma za su yi miki amfani.

Za a ba ki shawarar ki samo mata 'yar'uwa don ta rage kaɗaici. Kada ki yi, wadda ke fama da baƙi biyu ba a ƙara mata na uku, balle mai cin kwanonta. Za ki kuma ga tallar Feliway a intanet, wani sinadari ne da aka kwaikwayi na kumatun kyanwa, ana jona shi a soket. Wasu na jin daɗinsa, wasu ba su ga bambanci ba, ga tsada, ga shi sai da wuta, kin kuwa san halin wutarmu. Kwalin taliya ya riga shi.

In likita ya ce lafiyarta ƙalau kuma aka bi wannan tsari, ki sa ran ganin sauyi cikin mako ɗaya zuwa uku, kaɗan-kaɗan, wata rana ma ta koma baya in an yi baƙi ko an yi tsawa. In wata ya cika tana nan yadda take, ki koma wurin likitan, akwai magungunan rage firgici da su kaɗai ke da ikon rubutawa. In duk an yi gidan ya ƙi karɓarta, to a nema mata wani gida da kika sani, mai shiru, wurin 'yar'uwa ko ƙawa. Ta tafi da kwalinta da robarta da zanenki, a tsare ta a ɗaki ɗaya aƙalla mako biyu kafin a bar ta ta zaga, in ba haka ba hanyar gidanki za ta nema ta ɓace a tsakani. Zai yi miki ciwo, amma za ki san inda take kwana.

Ban jin za a kai can. Ga abin da za ki riƙa dubawa: za ta fara cinye abincin dare tas, sai ta fara ci kina zaune, sai ki ga tana lashe jikinta a fili, sai wata asuba ki ga ta goga kumatu a ƙafar gado. Ranar da ta fito ta doso ki, ki daure kada ki sure ta don murna, ki miƙa yatsa ɗaya ta shinshina, ita za ta ƙarasa. Daga nan sai ki riƙa matsar da kwanon abincin taku ɗaya kullum zuwa bakin ƙofa, ƙofar kuma a bar ta a buɗe kaɗan. Ki rubuto mini bayan kin dawo daga wurin likita, ina so in ji abin da ya ce game da fitsarin, da kuma yadda hannun yaron ya yi.